Tunawa Da Inna: Mu Tambayi Iyayenmu Mata Tun Suna Raye

A shekarun baya mun saba yin rubutu a kan ladabi da shirin jarrabawa. Bana kuwa muna roƙon masu karatu su yi mana haƙuri, domin maganar da muka kawo daga cikin gida ta fito. Duk da haka muna ganin ta shafi kowane ɗalibi da kowane malami da yake da uwa ko kaka a raye.

A damunar da ta wuce Ubangiji ya kira mahaifiyarmu gida. Mu 'ya'yanta Inna muke ce mata, jikoki suna ce mata Kaka, matan majami'a kuma Mama. Ta rasu a wani ƙauye na ƙasar Ikara, a cikin gidan da aka kai ta tana amarya. Ba ta yi doguwar jinya ba. Ran Lahadi ta je sujada da ƙafarta, ran Alhamis da asuba ta cika. Muna godiya ga malamai da ɗalibai da suka tako har ƙauye cikin taɓo don yi mana ta'aziyya. Allah ya saka da alheri.

Ana jibi jana'iza, da dare, muka taru a tsakar gida, mu bakwai da ta bari, domin mu rubuta tarihin rayuwarta wanda za a buga a takardar jana'iza, wato furogiram. Cikinmu akwai malaman makaranta biyu, da ma'aikaciyar jinya, da wanda ya gama jami'a. Aka miƙo mana biro, wai ai mu ne masu koyar da Hausa. Muka rubuta sunanta a saman takarda, daga nan biro ya tsaya. Wace shekara aka haife ta? Wani ya ce ta kai tamanin, wata ta ce ai ta fi. Mene ne sunan mahaifiyarta? Laƙabi kaɗai muka sani. Me ya ta da iyayenta daga tsohon garinsu, wanda yanzu ya zama kufai? Kowa ya yi shiru. Inna takan karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa a hankali, tana bin layi da yatsa, alhali kuwa ba ta taɓa shiga aji ba. Wa ya koya mata? Muka dubi juna. Mun shekara arba'in da 'yan kai muna cin tuwon matar nan, ga shi mun kasa cika shafi ɗaya da labarinta.

Daga ƙarshe muka rubuta abin da kowa yake rubutawa. Muka ce ita mai haƙuri ce, mai addu'a, mai karɓar baƙi, mai taimakon marayu, amintacciya cikin Zumuntar Mata. Muka lissafa 'ya'ya da jikoki, muka sa mata shekara 85. Ban da shekarun, duk abin da muka faɗa gaskiya ne. Amma da za a cire hotonta a manna na wata tsohuwa daga Makarfi ko Hunkuyi, ba wanda zai gane an yi canji. Ku duba takardun jana'izar da ke cikin akwatunan gidajenku, za ku tarar kusan dukansu bakinsu ɗaya.

Abin da muka kasa yi da biro sai muka yi ƙoƙarin yinsa da aljihu. An yi anko, an kafa rumfuna, an yi hayar kujeru, an yanka sa, an buga kalanda, an raba robobi masu ɗauke da hotonta. Mutane suka watse suna cewa lalle 'ya'yan nan sun fita kunyar uwarsu. Mu ma a ranar mun ɗauka haka ne.

Bayan kwana uku Kawu ya zo, wato wan Inna, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Idonsa ya yi rauni, sai ya sa wani jika ya karanta masa takardar. Da aka zo kan shekaru sai ya ɗaga hannu ya ce, “Tsaya. Nawa kuka ce?” Aka maimaita masa. Ya yi dariya har da tari, ya ce, “Ku 'yan boko, ashe lissafin naku na allo ne kawai. Ni da na girme ta nesa ban kai haka ba. An haifi uwarku shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna. Muna yara muna gudu bakin hanya kallon mahayan da za su je hawan daba, muka komo gida muka tarar an yi haihuwa.” Sarauniya Elizabeth ta zo Kaduna a farkon 1956. Ashe Inna ba ta ma cika saba'in ba. Wahalar noma da ta haihuwa ce ta tsufar da ita, mu kuwa muka ƙara mata shekara goma sha biyar da wani abu, muka buga a takarda, muka raba wa jama'a.

A zaman da bai fi awa ɗaya ba Kawu ya gaya mana abin da ba mu taɓa ji ba. Iyayensu sun bar tsohon gari ne saboda ciwon barci, lokacin da ma'aikatan lafiya na Turawa suka tashi ƙauyukan bakin rafi don gudun ƙudan tsando, zamanin da aka gina Takalafiya kusa da Anchau, a ƙarshen shekarun 1930. Tambarin da ke damtsen Inna na lambar agana ne, wadda aka bi gari gari ana yi a ƙarshen shekarun 1960. An yi mata aure shekarar da aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo, wato 1973. A wannan shekara aka yi fari, amarya ta kwashe kwanonin jerenta ta sayar, aka auno dawa aka ci da gidan mijinta. Sa'an nan ya faɗi wadda ta fi taɓa mu. Mun daɗe muna mamakin yadda Inna take kiran sunan babban wanmu kai tsaye, alhali matan zamaninta ba sa faɗin sunan ɗan fari. Ashe ba shi ne na fari ba. Akwai yarinya kafin shi, ƙyanda ta ɗauke ta tana goye. Mun taɓa jin ƙishin-ƙishin, amma ba wanda ya taɓa zama ya tambaye ta. Shekara wajen hamsin tana riƙe da wannan a zuciyarta, tana dafa mana abinci.

Maganar karatu kuwa, wata tsohuwar ƙawarta ce ta warware mana. Matar wani mai bishara ce ta riƙa tara matan ƙauye da la'asar a gindin ɗorawa, tana rubuta musu baƙaƙe da gawayi a jikin allo. Inna takan je da goyo, ta bar surfe sai dare. Wai cewa ta yi ba za ta yarda 'ya'yanta su riƙa karanta mata wasiƙar da aka aiko mata ba. Da aka buɗe makarantun firamare kyauta, wato UPE, a 1976, tana cikin matan da suka tsaya sai an sa 'ya'ya mata. Kuɗin da muka tafi da shi kwalejin horon malamai ma, daga gyaɗar gayaunarta ya fito, da ƙuli-ƙuli, da mazarƙwailar da takan saro ranar kasuwar Makarfi ta kasa a ƙofar gida. Wannan kam mun sani, amma bai zo mana a rai mu sa shi a takarda ba, don muna ganin ba irin abin da ake bugawa ba ne.

To, ga ra'ayinmu. Tunawa da uwa shi ne a san labarinta, a riƙe shi daidai, a miƙa wa na baya. Yabo da kuka da anko suna da wurinsu, amma kwana kaɗan suke yi. Labarin kuwa ba a samunsa cikakke sai daga bakin mai shi, tun tana da rai. Mu mun yi sa'a Kawu yana nan, amma abin da ya ba mu na waje ne, abin da idon ɗan'uwa ya gani. Abin da Inna ta ji a ranta ran da ta ɗauki kwanoninta zuwa kasuwa, da sunan da ta sa wa yarinyar nan a zuciyarta, sun tafi tare da ita.

Kada wani ya ce labarin tsohuwar ƙauye bai isa a rubuta ba. Nan kusa da mu aka yi wata mace da ta ƙaryata wannan magana. Sunanta Baba, mutuniyar Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa a ƙasar Kano, ba nisa da iyakarmu ta arewa. An haife ta wajen 1877, tun kafin zuwan Turawa, ta ƙare rayuwarta a Giwa, nan yamma da mu. Musulma ce, ba ta yi boko ba, ba 'yar sarauta ba ce. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan wasu ta rene su, ta kuma yi ungozoma, har ta zama uwa da kaka ga mutane da yawa. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 wata Baturiya mai suna Mary Smith, wadda mijinta M. G. Smith yake binciken zaman jama'a a ƙasar Zazzau, ta zauna da ita na kimanin mako shida. Baba tana faɗi da Hausa, ita kuwa tana rubutawa. Ta ba da labarin harin masu kama bayi da yadda ake fansar dangi, da zaman rinji, da zuwan Turawa, da aure da kishi da saki, da ƙawance, da bori, da yadda ake karɓar haihuwa. Baba ta rasu a 1951. A 1954 aka buga littafin a London da Turanci, da sunan Baba of Karo, aka sāke buga shi a Amurka a 1981. Masu nazarin tarihin Afirka a jami'o'in duniya suna karanta shi, domin da wuya a sami wani littafi da ya nuna zaman matan Hausa na wancan zamani daga bakin mace kamar wannan.

Abu biyu muke so ɗalibai su lura da su a nan. Na ɗaya, mako shida kacal aka yi. Hutunmu na ƙarshen shekara ya kai haka. Na biyu, tsakanin zaman da aka yi da ita da rasuwarta bai cika shekara biyu ba. Da Baturiyar nan ta ce bari sai ta sāke dawowa, da shi ke nan. A zamanin Baba akwai dubban mata irinta daga Kudan har Paki, waɗanda suka ga abin da ta gani. Ita kaɗai muka sani, domin ita ce aka tambaya. Abin kunya ne kuma a ce sai baƙuwa ta ƙetaro teku ta yi wannan aiki, mu da muke da harshen, muke kwana gida ɗaya da tsofaffin, muna zaune.

Akwai wani misali a ƙasar Makarfi. Duk wanda ya san hanyar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Kano, wadda aka gama a 1911, ya san tashar Gimi. A yankin nan ne aka kafa wani ƙauyen masu bi bayan 1913, sa'ad da waɗansu daga cikin mutanen da ake kira Isawa suka zo wurin Likita Miller na mishan ɗin CMS a birnin Zariya. Isawa almajiran wani Malam Ibrahim ne da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa, mabiyansa suka warwatsu. Aka tara iyalansu a Gimi, aka yi makaranta da majami'a, wani limamin coci baƙar fata daga tsibiran Karibiyan mai suna Thompson yana lura da su. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Daga wannan zuriya aka sami Farfesa Ishaya Audu, wanda aka haifa a Anchau a 1927, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Idan aka buɗe littattafan da suka kawo labarin Gimi, sunayen da suka fi fitowa na maza ne: likita, da limami, da malamai. Amma wa ya yi jinyar masu ciwon barcin? Wa ya goyo marayun zuwa Zariya? Wa ya hura wuta a sabon wuri? Mata ne, kakannin wasu. Haka yake a kusan kowace majami'a ta ƙauyukanmu. An san sunan mai bisharar da ya fara zuwa, an manta matar da ta fara share gindin itacen da aka yi sujada.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, mun kuwa ji dalilansu a ɗakin malamai. Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Waɗansu sun ce tsofaffinmu ba sa son tone-tone, akwai kunya tsakanin uwa da ɗa. Gaskiya ne. Mu kanmu kunyar nan tana cikin abin da ya rufe mana baki. Ɗa ba ya zama gaban uwarsa ya tambaye ta yadda aka yi aurenta. Amma al'adar da ta sa kunya tsakanin uwa da ɗa, ita ce ta sa wasa tsakanin kaka da jika. Kaka tana kiran jikanta miji, tana kiran jikanyarta kishiya, suna tsokanar juna ba mai jin haushi. Abin da ba za ta taɓa gaya mana ba, za ta gaya muku tana dariya. Saboda haka ku ɗalibai kun fi mu damar yin wannan aiki. Ƙofar da aka rufe mana, ku a buɗe take gare ku.

Waɗansu kuma tsoro suke ji kada a tono abin da zai ba da kunya. Da yawa cikinmu a wannan yanki jikokin Maguzawa ne. Idan kaka ta buɗe baki za a ji maganar tsafin gida, da dafa burkutu, da bori, da auren da ya mutu, da 'yan'uwan da suka rabu, wasu suka shiga masallaci wasu suka shiga majami'a. Wani yana ganin gara a binne wannan duka. Mu ba mu yarda ba. Wanda bai san inda aka fito da shi ba, ba zai san girman alherin da aka yi masa ba. Ku duba jerin kakannin Yesu a farkon Bisharar Matiyu. An ambaci Tamar da Rahab da Rut, waɗanda labarinsu ba irin wanda ake so a buga a takardar jana'iza ba ne, amma ba a share su ba. Manzo Bulus kuma, da yake rubuta wa Timoti, ya san sunan kakarsa Loyis da na mahaifiyarsa Afiniki. Mu nawa ne za mu iya faɗin sunan kakar kakarmu? Sanin cewa gidan liman na unguwar can da gidanmu kaka ɗaya ta haife mu, abu ne da yake kashe wutar gaba. Ɗalibanmu Musulmi su ma wannan aiki nasu ne, don tsohuwa ba ta da bambanci wajen riƙe tarihi. Sai dai akwai sharaɗi. Abin da kaka ta ce sirri ne, ya zama sirri. Ba a ɗora shi a Facebook, ba a kai shi dandali.

Masu dalili na uku su ne masu cewa, “Malam, wannan zai fito a jarrabawa ne?” Ba zai fito ba. Amma ku ji amfaninsa. Rigimar gona nawa ce ta kai gaban dagaci ko kotu don tsohuwar da ta san inda iyaka ta bi, daga wace tsamiya zuwa wace suri, ta rasu ba a tambaye ta ba? Matan ƙauyukanmu sun yi noma da hannunsu, a gandu da gayauna, sun san kowace kunya ta gonar gida. Su ne kuma suka san dangantaka, wane ne ɗan wane, wa aka riƙa, wa aka haifa. Ran da likita zai tambaye ku ko akwai sikila ko hawan jini ko ciwon suga a danginku, amsar tana wurin kaka, wadda ta san abin da ya kashe kowa. Ran da wani zai dubi sunanku ya ce ku baƙi ne a ƙasar nan, wanda ya san kufan kakanninsa da inda kaburburansu suke ba ya rasa amsa. Ban da haka, yaron da ya iya yin tambaya, ya saurara, ya rubuta abin da ya ji daidai, ya riga ya koyi rabin insha'i.

Na huɗu su ne masu cewa hidimar jana'iza ita ce girmamawa ta ƙarshe, kada a rage ta. Ba mu ce a daina ba, mu ma mun yi. Baƙin da suka zo daga nesa dole su ci abinci. Amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Kuɗin da muka kashe a kwana biyu ya fi abin da muka aika wa Inna a shekara biyu. Robobin da aka raba sun fara fashewa, kalandar kuma shekara tana ƙarewa za a sauke ta. Littafin rubutu guda da biro, da yammaci goma a gindin murhunta, da sun bar wa jikokinta abin da ya fi wannan duka. Kuma da ita kanta ta ji daɗi. Tsohuwa tana so a tambaye ta. Sau nawa Inna ta fara cewa, “A zamaninmu...”, mu kuwa muka duba agogo muka ce za mu makara, mota za ta tashi?

Saboda haka ga aikin hutu da muke ba kowane ɗalibi, daga aji ɗaya har aji shida. Ba za a ba da maki ba, ba kuma za a yi bulala ba. Ku sayi littafin rubutu sabo, ku rubuta sunan kakarku a bangonsa. In ba ta da rai, ku nemi goggo ko inna ko wata tsohuwar unguwa, ko da ba ta haifi kowa ba. Kada ku je hannu sake, ku riƙa ɗan goro ko sabulu ko sukari. Kada ku zaunar da ita kamar a gaban alƙali. Ku same ta tana ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale, ku sa hannu, hira za ta zo da kanta. Ku fara da abu mai sauƙi: wasannin da suka yi a dandali, abincin da aka daina dafawa, irin dawar da aka daina shukawa, kayan da aka jera mata a ɗaki. Maganganu masu nauyi sai an saba. In ta yi shiru, ku ma ku yi shiru. In ta yi hawaye, ku bari sai gobe.

Kada ku tambaye ta shekara, domin kuskuren da muka yi ke nan. Ku tambaye ta wane sarki ne a kan gado, ko me ya faru a ƙasa, sa'an nan ku yi lissafi da kanku. Ga waɗansu alamomi da za su taimake ku:

1956, zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna.
1959, rasuwar Sarkin Zazzau Ja'afaru da naɗin Sarki Muhammadu Aminu.
1960, samun 'yancin kai.
1966, kisan Sardauna.
1967 zuwa 1970, yaƙin basasa.
1972, canjin hannu, da motoci suka koma bin dama.
1973, shigowar naira da kwabo, da babban fari.
1975, naɗin Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta har 2020.
1976, kisan Murtala da buɗe makarantun UPE.
1984, canjin launin takardun kuɗi.
1987, cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna.

In ta ce tana da cikin babanku aka kashe Murtala, kun sami shekara. In ta ce tana talla aka yi canjin hannu, kun kusa gane shekarunta.

Ku rubuta da Hausarta, yadda ta faɗa. Kada ku gyara mata magana, kada ku juya ta zuwa Turanci. Kalmar da ba ku gane ba ku tambaye ta ma'anarta, ku rubuta a gefe, domin wataƙila ba ta cikin ƙamus. Wanda aka yarda masa ya riƙe wayar hannu a gida, ya ɗauki muryarta da izininta, har da waƙoƙin niƙa da na reno. Amma kada ku dogara ga waya kaɗai. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana sacewa. Ku kwafe a takarda, ku yi biyu, ɗaya a ajiye wurin wani babba. Kafin hutu ya ƙare ku karanta mata abin da kuka rubuta, ta gyara inda kuka yi kuskure. Za ku ga yadda fuskarta za ta yi in ta ji labarinta yana fitowa daga bakin jikanta.

Muna kuma roƙon kwamitin wannan mujalla ya ware shafi biyu ko uku a fitowa ta gaba, a buga waɗanda suka fi kyau, in masu labarin sun yarda. Muna roƙon shugabannin Zumuntar Mata na majami'unmu su zaunar da tsofaffin cikinsu, a rubuta yadda aka fara zumunta a kowane ƙauye da sunayen matan da suka fara ta. Ga 'yan'uwanmu malamai da iyaye kuwa, wanda mahaifiyarsa take raye, kada ya jira Kirsimeti. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Mu dai mun makara. Abin da ya rage mana shi ne mu tattara guntayen da ke wurin Kawu da ƙawayen Inna, mun kuwa fara. Littafin ya kai shafi goma sha ɗaya. A shafin farko mun gyara shekarar haihuwarta, mun kuma ƙara suna guda a jerin 'ya'yanta, wanda Kawu ya tuna mana, suka zama takwas. In Allah ya kai mu ranar cikar shekara da rasuwarta, abin da za mu karanta wa jikokinta ke nan.

Allah ya ta'azantar da duk wanda ya yi rashi a wannan shekara. Ya ƙara wa iyayenmu mata da kakanninmu lafiya da tsawon rai, ya ba mu kunnen sauraronsu. Muna yi wa ɗalibai masu fita fatan alheri, sauran kuma Allah ya dawo mana da ku lafiya, kowa da littafinsa a hannu. Amin.